Ranar da Na Kira Ɗiyata ta Taga

Tun ɗiyata tana goye nake tsoron ta tashi kamar ni, a miƙo mata takardar asibiti ta yi ta haɗa harafi da harafi tana gumi, ƙarshe ta nemi mai karanta mata. Aji uku na yi aka cire ni. Shi ya sa da aka sake buɗe makarantar ƙauyenmu bayan doguwar rufewar nan ta yaƙi, ni na fara kai tawa.

Malama ɗaya ce ta dawo wa ƙananan azuzuwa, Balarabiya daga wajen Kamlin, muna ce mata Ustaza. Yaran kuwa sun daɗe a sake, sun manta yadda ake zama. A wajenmu gida-gida ake kai wa malamai abincin hantsi. Ranar da layi ya zo kaina na ɗauki kisira, wainar dawarmu mai faɗi, da miya na tafi. Tun daga bakin hanyar ruwa nake jiyo ihunsu. Na tarar da ita gaban allo, murya ta dushe, tana buga tebur da tafin hannu. Suna yi mata waƙar tsiya da Hausa don sun san ba ta ji. Ɗiyata ba ta yi, amma tana dariya cikin mayafi.

Muka zauna a inuwa, ta yi loma biyu ta ture.

"Ba surutun ya fi damuna ba, 'yar'uwa," ta ce da Larabci. "Tagar nan ce. Ina tsakiyar darasi sai a kira yaro daga waje, ya tsallake ya tafi. In iyaye suna kira, ni wa zai saurara?"

Na rantse mata ni ba zan taɓa yi ba.

Mu nan ruwa ba ya jira. In aka sako shi zuwa hawasha, gonar da muke nomawa, duk mai hannu sai ya fita, in ba haka ba sai ya wuce ga maƙwabci. Bayan mako biyu aka sako namu da hantsi. Maigida yana Wad Madani, daga ni sai uwarsa Inna sai jariri.

"Je ki kira yarinyar nan ta riƙe ƙanenta," in ji Inna. "Karatun ne zai shayar da dawa?"

Na je. Kunya ta hana ni bin ƙofa, na tsaya a taga na kira ta a hankali. Ustaza ta juyo ta dube ni. Ta aje alli, ta zauna, ta kifa kai a tebur. Ɗiyata ta tsallako, wasu huɗu suka biyo ta suna shewa.

Ƙarshen makon Ustaza ta tafi gida, ba ta dawo ba. An ce ba ta da lafiya, an kuma ce cewa ta yi ta gaji. Na san ba ni kaɗai na kore ta ba, amma ni ce na rantse.

Yanzu da safe yara suna zuwa su yi kokawa a ajin su dawo. Jiya ɗiyata ta kawo min littafinta, ta buɗe inda aka tsaya, wai in ci gaba da ita. Layi biyu na yi na kakare. Ta karɓe abinta, ta tura ƙarƙashin katifa.

Duk wanda ya karanta wannan, in ya san malamar, ya gaya mata uwar nan da ta kira ɗiyarta ta taga tana neman gafara. In ba za ta dawo ba, don Allah ku nemo mana wata, ko kwana biyu a mako ne.