Ranar da Muka Yi wa Tsohon Mai Jita Amshi

Ko da zan manta duk wahalar da na sha a kamfanin shirya taruka a Jidda, ranar da muka yi wa wani tsohon Bature amshi ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ba a daɗe da rushe unguwarmu ta Karantina ba. Mun koma Waziriyya, ni kuma na bar dako a tashar jiragen ruwa na koma dakon lasifika. Dako dai dako ne, illa wannan da riga mai tambari. Abokin aikina wani dattijo ne mutumin Damagaram, kowa Kawu yake ce masa. Ga surutu, ga ƙarfi, kuma ba ya iya ɗaga kaya sai da 'yar waƙa a baki.

Aka ce za a kawo wani mawaƙi daga Ingila ya yi wasa a tsakar wani tsohon gida a Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Mudir ɗinmu, wato shugaban aikin, wani saurayi ne Bahijaze, har rawar jiki yake. Ya ce a ƙuruciyar mutumin nan ƙungiya gare su, masu kiɗan nan mai kaushi, jita na kuka, ganga na duka ba sassauci. Yanzu shi kaɗai yake yawo gari-gari. Na zaci zan ga wani ƙato mai gashi buya-buya. Ashe wani tsamurarren tsoho ne mai furfura.

Bayan azahar muka kafa kaya. Tsohon ya ce a kafa masa makirfo biyu, ɗaya a gabansa, ɗaya a hagu. Kawu ya taɓo ni ya ce, "Ɗana, shi kaɗai ne ko da aljaninsa ya zo?" Na danne dariya. Da aka fara gwaji kuwa dariyar ta tafi. Akwai wata waƙa da zai rera baiti ya tsaya, ya waiwaya hagu, ya jira. Ba kowa. Ya sake rerawa, ya sake jira. Sai kawai ya ajiye jitar ya fita.

Mudir ne ya ba mu labari. Waƙar ta mutum biyu ce, shi da amininsa tun suna samari, ɗaya ya ja ɗaya ya amsa. Aminin ya rasu. Tun daga nan duk garin da ya je, in ya iso wurin nan sai murya ta ƙi, ya sauka daga dandali. Ya riga ya faɗa cewa in ta sake ƙi masa a Jidda, halas, magana ta ƙare, ya rataye jita ke nan har abada. Mudir ya ce, "Saboda haka ba na son jin ko tari. Ku tsaya bayan lasifika ku kama bakinku. Yalla."

Kawu bai ji daɗi ba. Ya ce da ni, "Ni fa na yi amshi a garinmu kafin in zo nan. Mawaƙi ya ja baiti a bar shi a tsaye? Wallahi wulaƙanci ne." Na ce, "Kawu, don Allah rufa mana asiri. Ba namu ba ne."

Bayan la'asar wuri ya cika. Samari da 'yan mata 'yan gayu, kowa ya zauna tsit kamar a gaban alƙali, wai haka suka ji ana yi a Ingila. Tsoho ya yi kiɗa, kuma sai na gane abin da mudir yake wa rawar jiki. Jita ɗaya, amma ƙirjina har girgiza yake. Can ya kama waccan waƙar. Ya rera baitin farko, ya waiwaya hagu. Shiru. Ya rera na biyu, murya ta fara karyewa. Na ga hannunsa ya saki wuyan jitar yana lalubar igiyar kafaɗa zai cire. Tausayinsa ya kama ni sosai, don na san yadda mutum yake komawa unguwarsu ya kira maƙwabci ya tarar ba ko bango.

Sai na ji murya a bayana. Kawu ne! Bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, karin kawai ya ɗauka ya mayar masa, da wannan muryar tasa mai kauri, yana tafi a hankali. Na ce a raina shi ke nan, an kore mu. Mudir ya zaro ido. Tsohon ya tsaya cak yana neman inda muryar ta fito. Da ya hango Kawu a bayan lasifika da rigar aiki, sai ya mayar da hannu kan jita, ya ja baiti na uku, ya jira. Kawu ya amsa. A na huɗu ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Kafin a kai ƙarshe duk tsakar gidan amshi take, har mudir. Tsohon ya kai waƙarsa ƙarshe hawaye na bin kumatunsa.

Da ya sauko, ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu. Kawu ya ce, "Faɗa masa Allah ya ba shi haƙurin rashi." Ban fassara ba, na ga ya riga ya gane. Daga baya mudir ya ce mana mutumin bai rataye jitar ba, yana nan yana yawonsa.

Ni da nake cewa ba namu ba ne, ranar na koyi abu ɗaya. In ka ji mutum ya yi kira ya tsaya yana jira, kada ka tsaya tambayar wa yake kira. Wanda yake kiran wataƙila ba zai sake amsawa ba. Kai da kake kusa, amsa masa.