Muryar da Aka Cire wa Uwar Baba Aldo

A wannan watan Baba Aldo ya cika shekara goma sha ɗaya da barin duniya. Ban saba rubutu a jarida ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, ina goye da 'yata ta biyu, don haka mai karatu ya yi haƙuri da ni.

Baba Aldo mutumin Italiya ne, mai shirya fim, irin wanda yake tsayawa bayan kyamara yana cewa a yi kaza, a bar kaza. Tsufa ne ya kawo shi London, wajen 'yarsa da take aure a nan Barking. Ni kuma a lokacin ina aikin carer, aka tura ni flat ɗinsa in riƙa yi masa girki, in ba shi magani, in taimaka masa ya sauko daga bene. Shekara shida muka yi. Turancinsa gurgu, nawa ma gurgu, sai muka riƙa jan juna. Bakinsa ba ya iya furta harafin farko na sunana, har ya mutu Auwa yake ce mini, ba Hauwa ba. Ni ma ban taɓa iya faɗin sunan garinsu daidai ba, sai muka yafe wa juna.

Ya ba ni labarin aikinsa kaɗan-kaɗan, yawanci in ina yanke masa farce. Da ɗaukar wayar lantarki ya fara, yana bin masu kyamara. Daga baya ya yi finafinai huɗu a kan mutanen ƙauye, masunta da masu noman zaitun, waɗanda ya ce an yaba amma ba a kalla ba. Da iyali suka yi yawa sai ya koma talabijin, ya shekara kusan talatin yana shirya wasan 'yan sanda da na soyayya, mako bayan mako. Yakan ce talabijin ta ciyar da shi, sannan ta cinye shi. Ba da ɗaci yake faɗa ba, da gajiya yake faɗa, irin ta wanda ya daɗe a tsaye.

Akwai wata al'ada ta masu fim a ƙasarsu a zamanin da ya fara, wadda ta ba ni mamaki. Ba sa ɗaukar murya tare da hoto. In sun sami mutumin ƙauye mai fuskar da suke so, sai su ce masa kada ya damu da haddace komai, ya yi ta ƙirga kawai, ɗaya, biyu, uku, bakinsa yana motsi. In an koma birni sai a kawo gwanin magana ya ɗora muryarsa a kai. A fim ɗinsa na farko mahaifiyarsa ya sa, tana tsaye a bakin ƙofa tana sallamar ɗanta da zai yi tafiya. Ya ce ta ƙirga zuwa goma. Ta ƙirga. A birni aka ce harshenta na ƙauye ne, za a yi dariya, aka ɗora mata muryar wata 'yar wasa mai zaƙin baki. Shi da kansa ya sa hannu ya amince. Bayan shekara biyu ta rasu, kuma babu muryarta a ko'ina.

Yana da kaset ɗin. Kusan kowace Laraba bayan abincin rana sai ya ce in saka masa, in kashe sautin. Sai ya matso kusa da talabijin yana bin leɓenta. Ana ganin ƙirgar har zuwa goma, amma bayan goma bakinta yakan ƙara motsawa kaɗan, ta faɗi wani abu da ba lamba ba. Shekara hamsin yana neman sanin abin. Wata rana ya juyo ya ce, "Auwa, ke uwa ce. Me ta ce?"

Na ce masa, "Baba, ni ban san yarenku ba. Amma in ɗana ne a bakin ƙofa, tambayarsa zan yi ko ya ci abinci."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in mayar da kaset ɗin baya. Da na sani ƙeya ce, in ji masu magana, a baya take.

Yanzu ina yawan tunanin me zai ce in ya ga zamanin nan. A cikin tube, jirginmu na ƙarƙashin ƙasa, kowa da kyamararsa a hannu. Ranar idi a masallacin Regent's Park kafin a yi sallama wasu sun fara ɗauka. Ina jin zai ce hoto ya yi arha, sauraro ya yi tsada. Ko kuma ba zai ce komai ba, zai nemi kujera ne, don a ƙarshen rayuwarsa ya gaji da ba duniya shawara. Ni ma na fara gane wannan gajiyar. Gwiwoyina sun ƙi bene, aikin na ajiye shi, jikokina huɗu kuma suna jin Hausa amma da Turanci suke ba ni amsa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. Watan jiya 'yata Zainab ta zaunar da ni a falo ta ɗauke ni a waya, wai in ba da labarin garinmu da na iyayena, a ajiye wa yara. Na yi magana kusan awa guda. Bayan kwana uku ta kawo mini bidiyon ta yi editing, ta gyara shi, tana murna. Ga ni zaune da mayafina, bakina yana motsi, amma muryar Zainab ce take fita da Turanci, ga wani kiɗa a ƙasa. Ta ce don yaran su gane ne. Niyyarta mai kyau ce, kamar yadda ta Baba Aldo take mai kyau. Na ce ya yi, Allah ya yi albarka. Haka na saba, ba na son ɓata wa mutum aikinsa.

Kwana biyar ina juya abin a raina. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma na ga tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya manne da talabijin yana roƙon leɓen uwarsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar Asabar da Zainab ta zo na riƙe hannunta na ce, "Zainabu, mayar mini da muryata. Ki rubuta musu Turancin a ƙasa. Wanda bai gane ba yau, wata rana zai so ya ji." Ta ce aiki ne babba, Mama. Na ce na sani. Ta dube ni, ta ga ban saki hannunta ba, sai ta ce to.

Finafinan Baba Aldo ban san mai kallonsu yanzu ba. 'Yarsa ta ce suna cikin kwalaye a wani store na ajiya, ba ta san yadda za ta yi da su ba. Wasannin talabijin kuwa shi da kansa ya manta sunayen rabinsu. Ba addininmu ɗaya ba, ba ƙasarmu ɗaya ba, kuma ban isa in auna aikinsa ba. Abin da na sani ya bari a hannuna shi ne kuskurensa, wanda bai ɓoye mini ba. Jiya Zainab ta turo sabon bidiyon. Muryata ce, da tarina, da inda na rikice na koma baya. A can ƙarshe, da na zaci ta kashe wayar, an ji ina tambayarta ko ta ci abinci. Wannan ma ta bar shi.