Shagon Baduku

Ranar ƙarshe da komai yake daidai, Baduku ya buɗe shagonsa da sassafe, ya rataye takalman da ya gama a jikin ƙofa. Da hantsi 'yata ta sauko da tef ɗin awo, ta ba shi baki ɗaya ya riƙe mata, tana auna bango.

"Uwar ɗakina, korata za ki yi, kuma ni ne mai riƙe miki igiyar?"

"Miƙe hannu sosai, Baba. Kanta ba ta son karkata."

Da tsakar rana ya ɗinke mata maɗaurin jakarta, ya ce ladansa maganin ciwon baya in ta buɗe kantin maganinta. Da yamma ta tafi wurin kafinta. A hanyar dawowa mota ta buge ta.

Shagon yana gaban gidan mahaifinmu. Shi ya ba Baduku haya tun ina ɗalibi, a nan kuma Baduku ya tsufa, cikin warin gam da fata, da ƙusoshi a leɓe. Bayan rasuwar mahaifinmu gidan ya zama namu mu huɗu. Baduku yakan ce yana da iyayen gida huɗu da rufi ɗaya mai yoyo, kowa yana cewa gefen ɗan'uwansa ne yake zuba. Da 'yata ta gama karatun haɗa magunguna, na sayi kason 'yan'uwana don ta buɗe kanti a nan. Yaya ya ja, ya ja, daga baya ya sa hannu. Ni da kaina na ba Baduku wa'adin tashi. Ya cire gilashi, ya goge, ya ce to.

Da aka watse daga makokin 'yata, na sami Baduku yana ɗaure kaya. Na ce masa babu sauran dalilin tashi, ya zauna.

"Malam, in na zauna, kullum na buɗe ƙofar nan zan tuna abin da ya bar mini ita."

Yaya ma ya gwada. "Kai tsoho, ina za ka da wannan baya naka?"

"Inda ƙafa take da yawa, ranka ya daɗe."

Ya koma wata rumfa kusa da tasha, inda rana take dukansa har la'asar. Keken ɗinkinsa da benci da akwatin guduma suka tafi a amalanke. Takalman da masu su ba su zo karɓa ba ya bar mini, kowane an ɗaure shi da ɗan'uwansa. Wasu an zo an karɓa.

Littattafan 'yata na kai wa abokan karatunta. Farar rigar aikinta, wadda ba ta taɓa sawa ba, ƙanwata ta ɗauka wa 'yarta. Sauran kayan mahaifiyarta ta haɗa a akwati biyu, muka sauko da su shagon, muka ajiye kusa da takalman, muka kulle.