Ledar da ban ɓare ba

Jama'a, yau awa biyu na yi a sama, na dawo hannu rabbana!

Akwai Tom, wani dattijon Bature da muke aiki tare a sito a Wendover. Yana da ɗan jirgi mai kujera biyu a Pleasant Garden. Yau ce kaɗai ranar hutuna. Na sayi kyamara sabuwa dal don in ɗauko wa Mama bidiyo, tunda ta ce ba za ta yarda ina hawa ba sai ta gani.

Ni da kaina na ɗaure ta a ƙarƙashin fiffike. Tom ya ce, "Ka duba komai?" Na ce, "Komai!"

Muka tashi. Muka ratsa tsakanin duwatsu, muka sauka a wani filin ciyawa da ko kwalta babu. Iska ta yi ta jijjiga mu. Sau biyu na yi amai!

Muna dawowa na kunna. Shuɗi! Shuɗi kawai da ƙarar inji. Ashe shuɗiyar ledar da ke manne a gilashin kyamarar ce na bari.

Tom ya ce, "Me ya sa ba ka cire ba?" Na ce, "Ai sabuwa ce." Ya daɗe yana kallona. Ya zan yi masa bayani cewa rimot ɗin gidanmu a Jos har yau yana cikin ledarsa?

Haka na tura wa Mama. Ta kira ta ce, "Ni dai ban ga jirgi ba. Amma ka kyauta da ka bar ledar, kada ta tsufa."

Na kwanta. Kada kowa ya neme ni.