Ramukan da Baffa ya haddace

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, muna sallame sallah muka shiga mota, mu uku: ni, ƙanena da ke tuƙi, da Baffa, yayan mahaifinmu. Saƙo ne ya zo cewa jikin Goggo, ƙanwarsa, ya yi tsanani kuma shi take ta kira. Tana aure a wani ɗan ƙauye gaba da Dandin Mahe, inda ni da ƙanena ba mu taɓa takawa ba, abin kunya. Baffa kaɗai ya san inda ake sauka daga titi.

Baffa tsohon direban babbar mota ne, ya tsufa a kan wannan hanya kafin yanar ido ta rufe masa gani. Bai damu ba. Ya ce shi da jikinsa yake gane hanya: bayan Sifawa akwai kwalbatin da mota ke tsalle a kansa, sai manyan ramuka uku a jere, a na ukun ake karya kwana dama. Haka direbobin zamaninsu ke kwatance, da rami da kwana, kuma ba su ɓata.

Jama'a, ban san aikin faɗaɗa hanyar nan ya kai haka ba. Kafin Bodinga na saki baki. Titi ya zama tagwaye, kwalta baƙa wuluk, shingen kankare a tsakiya, masu zuwa daban masu dawowa daban. Inda ba a gama ba, katafila na ture tudu guda kamar mai share tsakar gida, tifofi na juye tsakuwa, ma'aikata da hulunan kwano sun fara aiki tun rana ba ta ɗaga ba. Na ga ramin wata gada da zai haɗiye gidanmu har da zaure. Ƙanena, wanda kullum bakinsa ba ya hutawa da zagin hanya, sai salati yake yi.

A Bodinga muka tsaya sayen ƙosai da koko. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Mai suyar ta ce ba laifinta ba ne, tunda aka tashe su daga bakin titi motoci sun daina tsayawa, wucewa kawai suke yi fuu. Na sayi albasa kuma, don kunya ce a je yankin nan a dawo hannu sake.

Muka wuce Sifawa. Baffa ya gyara zama, ya dafa kujerar gaba da hannu biyu, yana jiran kwalbatinsa. Mota sai sulalawa take yi. Shiru, shiru. Ni kuwa ina ta kallon gonakin albasa kore shar, har na ga allon da ke cewa mun iso Shagari.

"Baffa, mun fa shigo Shagari."

"Shagari? Yaushe munka wuce kwalbatin? Kai, ba ta yiwuwa, ɗiyana. Ko kokon ban gama narkarwa ba."

Babu kwalbati, babu ramuka, an binne su duka. Ga shinge a tsakiya, ba a juyawa inda aka ga dama, sai da muka ƙara gaba kafin muka sami mahaɗa. Na ji tausayin Baffa ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni kada mu isa a makare.

Kusa da Dandin Mahe ya ce a sauke shi. Ya tsaya gefen kwalta ya yi sallama ga wasu dattawa masu ɗaure buhunan albasa, ya ambaci sunan mijin Goggo da na kakansa. Ɗayansu ya miƙe da sauri.

"Direba! Kai na? Ai ramin naka sun cike shi tun bara. Taho in kai ku."

Ya hau babur muka bi shi ta jar ƙasa. Mota na fara girgiza Baffa ya ce, "Yawwa, yanzu na san inda nike."

Mun tarar da Goggo da ranta, hantsi bai ma gama ɗagawa ba. Ta ji muryar Baffa ta buɗe ido. Ya zauna bakin tabarmarta, ya riƙe hannunta, suna magana ƙasa-ƙasa da ba mu ji ba. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Mijinta ya ce da tsohuwar hanya ce, da duk ɓatan da muka yi, sai dai mu tarar da jana'iza.

Bayan kwana uku muka juyo gida. Abin da na koya shi ne in riƙa zuwa wurin dangina da ƙafata tun masu nuna mini hanya suna raye. Muna shiga Sakkwato ƙanena ya tambayi Baffa yadda ya ga titin.

"Allah shi saka ma waɗanda sunka yi shi, sun kai ni ga 'yar'uwata," in ji shi. "Amma ni, ban san hanyag ga ba."