Kwazazzabon Samariya Ba Tare da Tabarau Ba

Kafin wannan tafiya na yi imani cewa ni ne idon iyalina a wajen gida. Tun aurenmu da Safiya, ni ke karanta alamomin hanya, ni ke magana da jami'ai, ni ke tafiya a gaba tana biye da ni, kamar yadda muka ga iyayenmu suna yi a Katsina. Ban taɓa ɗaukar hakan girman kai ba. Hidima na ɗauke shi. Da wannan tunani na shirya mana ziyarar tsibirin Kirit na ƙasar Girka, a tsakiyar Bahar Rum, domin mu ratsa wani kwazazzabo da na daɗe ina karanta labarinsa.

Daga Madina zuwa Haniya

Mun bar gidanmu da ke unguwar Aƙiƙ a Madina kafin kiran asuba. Maƙwabcinmu Idrisa, Bahaushen Chadi mai tuƙin haya, shi ya kai mu filin jirgi.

"Ya Ustaz," in ji shi, "mutane na sayar da gona su zo Madina, kai kuma ka bar Madina ka tafi hawan dutse?"

Na ce masa sauka za mu yi, ba hawa ba.

"Tayyib. Allah Ya sa a sauka da ƙafa biyu."

Mun sauya jirgi sau biyu. A Atina, babban birnin Girka, jami'in ya daɗe yana jujjuya fasfonmu da iƙamarmu, wato katin zamanmu a Madina, kafin ya buga hatimi. Da yamma muka isa birnin Haniya da ke tsibirin, muka sauka a wani ƙaramin masauki kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa. A bakin tashar akwai masallaci mai ƙubba tun zamanin Turkawa, wanda aka daina salla a cikinsa. Na tsaya ina yi wa Safiya bayanin tarihinsa har ta ce ƙafarta ta gaji.

Sauka

Washegari da sauran duhu bas ya hau da mu tsaunuka. Direban ya ja mana kunne: wanda ya sauka kwazazzabon ba zai sake ganin titi ba. Tafiya ce ta wuni, ƙarshenta wani ƙauye a bakin teku da mota ba ta zuwa, kuma da la'asar sakaliya jirgin ruwan ƙarshe yake tashi. Wanda ya rasa shi, can zai kwana. Mu kwanan ba zai yiwu ba, domin allurar ciwon sukarin Safiya ta dare tana cikin firijin masaukinmu.

Hanyar ta fara da gangara mai lanƙwasa, an kafa mata shingen katako. Itatuwa dogaye masu ganye kamar allura sun rufe mu, iska na ƙamshin ƙaro. Ina gaba, ina faɗa mata abin da na karanta, tana amsawa da "to" daga baya.

A gindin gangarar muka tarar da rafi. Ina tsakiyar tsallakawa na juyo domin in ƙarasa wani bayani, dutsen da na taka ya mirgina, na faɗi bisa gwiwa. Tabarauna ya bugi dutse. Gilashin ido ɗaya ya farfashe, ɗayan ya ɓalle ya bi ruwa. Na ajiya kuwa yana cikin akwati a Haniya.

Tun ina sakandare ban ga duniya ba sai ta bayan gilashi. Da na ɗaga kai, tsaunukan sun narke sun zama toka-toka, ƙasa da ruwa sun haɗe.

"Innalillahi! Malam, ka ji ciwo?"

"Ban ji ba. Sai dai ko fuskarki ba na gani."

"Ba ka yi asara ba," in ji ta. "Yadda ka san ta haka take."

Ta yi dariya.

A wurin hutawa na gaba muka sami wani dattijo mai gadin dajin. Na tambaye shi cikin Turanci ko za a ba ni alfadarin da ake ɗaukar marasa lafiya. Ya duba gwiwata, ya ce alfadari na wanda ya karye ne. Sa'an nan ya tambaya ko matata ma ba ta gani. Na ce tana gani sarai. Ya ce to me nake nema wurin alfadari?

Da na fassara wa Safiya, ta gane inda dattijon ya dosa.

"Ni in shiga gabanka? Allah Ya jiƙan Inna, da ta ga haka sai ta ce ban sami tarbiyya ba."

"Ko ki shiga gaba, ko mu kwana a nan ba allura."

Kama hannu a gaban mutane abu ne da ba mu taɓa yi ba, don haka ta warware gefen mayafinta mai ruwan ɗorawa ta miƙo mini. Shi kaɗai idona ke iya rarrabewa a wurin.

Tsohon ƙauye

Haka muka ci gaba. "Babban dutse a dama. Wannan yana rawa, tsallake shi. Shuwayya shuwayya, a hankali, Malam, ba tsere muke ba." Da farko na riƙa gardama, ina cewa ai na gani. Da na yi tuntuɓe sau biyu na daina.

Can sai ta fara faɗa mini abin da ba na hanya ba. Ta ce furen nan mai ruwan hoda da ake shukawa a tsakiyar titunan Madina ga shi ya cika bakin rafi, ba mai ba shi ruwa. Ta ce wasu manyan tsuntsaye na shawagi can sama ba sa kaɗa fiffike. Na ce ungulayen tsauni ne. Ta ce to su haƙura, yau babu rabonsu.

Da azahar muka isa tsohon ƙauyen Samariya, a tsakiyar kwazazzabon. Na gaya mata an tashi mutanensa ne lokacin da aka mai da wurin gandun daji. Ita kuma ta gaya mini abin da suka bari: gidajen dutse marasa rufi, zaitun da ba mai tsinka, ɓaure ya fasa wani bango, da wata 'yar majami'a.

"Akwai wani dakali a ƙofar gida," in ji ta, "ya yi sumul saboda zama. Kamar na gidanmu na farko kusa da Harami, inda otal yake yanzu."

Ban san tana tuna wannan dakali ba.

Muka yi alwala da ruwan marmaro mai sanyi, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru. Muna cin dabinon Badr da muka zo da shi daga gida sai ta dafa hannuna.

"Kada ka motsa. Ga akuyarka."

Akuyar daji ce ta tsibirin, wadda saboda ita na fi ɗokin zuwa. Ni dai wani duhu-duhu na gani yana motsi.

"Faɗa mini."

"Bunsuru ne. Ja-ja, da baƙin layi a gadon baya kamar an ja da tozali. Ƙahonsa ya lanƙwashe baya. Gemunsa ya fi naka tsari. Yana kallon dabinona, yana yi kamar ba shi yake kallo ba."

Na sha karanta siffar dabbar nan a littattafai. Wannan siffar ce ta zauna mini.

Ƙofofi

Daga ƙauyen, inuwa ta ƙare, hanya ta koma tsakuwa da duwatsun rafi. Mutane suna ta wuce mu har muka daina jin takun kowa a baya. Na tambaye ta lokaci, ta ce in bar mata lokaci. Na lura numfashinta ya yi nauyi, na sa ta ci dabino biyu, ta ci tana tafiya.

Sannu a hankali muryarta ta fara dawowa daga bangon dutse. Ta ce duwatsun sun matso har sama ta zama kamar zare, kuma akwai itatuwa manne a jikinsu, ba ta san abin da suke ci ba. Nan ne ake kira Ƙofofi. Na ce mata a zamanin yaƙe-yaƙe mutanen yankin a nan suke ɓoye mata da yara, maza su tsare mashigar. Na yi tunanin cewa wasu daga cikin waɗanda ake gudu ɗin alƙiblarmu ɗaya da su.

A wurin da ya fi ƙunci, ruwa ya cinye hanya, sai gadar katako siririya a gefen dutse. Ta tsaya.

"Mayafi ba zai yi a nan ba. Kawo hannunka."

"Akwai mutane?"

"Ko akwai, ba su san Inna ba."

Tafin hannunta ya fi yadda nake zato kaushi. Mun haye gadar, ba ta saki ba, ni ma ban tuna mata ba.

Teku da komawa

Ƙarar jirgin muka fara ji kafin ta ga teku. Ta ce mu yi sauri, muka yi abin da mutane masu shekarunmu ke kira gudu. Ana shirin ɗage gadar shiga muka isa, wani ma'aikaci ya ja mu ciki yana faɗa da harshensu. Muka zauna muna haki. Na ce ta faɗa mini launin ruwan. Ta ce ba ta da sunansa a Hausa ko Larabci, in bari ta huta tukuna.

Bas ya mai da mu Haniya bayan isha, ta yi allurarta a kan lokaci. Na ciro tabarau na ajiya na saka. Abin da na fara gani shi ne yatsun ƙafarta duk sun yi bororo, wanda ko sau ɗaya ba ta ambata ba.

Bayan kwana biyu muka sauka Madina, Idrisa ya ɗauko mu. Ina gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, ina gode wa dattijon da ya hana ni alfadari. Tun daga ranar, idan za mu Harami sallar asuba, tare muke jerawa har ƙofar mata, sa'an nan in wuce tawa.