Bakin Dattijon Takanamat

Mu biyu aka tura ƙetare karatu daga garin Tawa, ni zane, abokina silima. Ɗaki ɗaya muka zauna a jami'a, ina leƙa ajinsu, yana leƙa namu. Malaminsu kullum cewa yake a matsa kusa da fuska, wai a nan gaskiya take, kuma abokina ya haddace wannan kamar karatun allo.

Mun dawo a shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya riga ya cinye dabbobin arewa. Abokina yana son yin fim ɗinsa na kammala karatu a kan makiyayan da suka gangaro, ni kuma na riƙe masa jaka. Muka tafi wajen Takanamat, inda ake rabon jar dawa.

A can muka samu wani dattijon Buzu wanda raƙumansa suka ƙare ƙaf. Ya yarda a ɗauke shi, amma daga bayan amawali yake magana, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki da hanci. Ido kawai ake gani.

"Kai mai fenti," in ji abokina, "mi zan yi da tulin tufa? Ina son huska."

"Bar shi da tufarsa," na ce.

Da rana dattijon ya koma bayan wata aduwa, ya juya wa mutane baya, ya sauke amawali don ya ci dafaffiyar dawa. Abokina ya zagaya can nesa da madubin kamara mai jawo abu kusa, ya ɗauka. Da Buzaye muka girma, mun san namijinsu ba ya buɗe baki a gaban mutane, balle surukai.

A lokacin sai an aika fim Faransa a wanko shi. Da ya dawo, muka nuna shi a Tawa cikin wani sito, muka toshe tagogi da buhuna. Makiyayan sun riga sun kafa bukkoki a bakin gari, suka cika wurin, har da dattijon da ƴan'uwan matarsa. Sai ga fuskarsa ta cika bango, baki buɗe, yana tauna, ƙwayar dawa maƙale a gemu. Mazan suka sunkuyar da kai. Dattijon ya miƙe ya fita, aka buɗa masa hanya ba wanda ya dube shi.

Washegari abokina ya sa almakashi ya yanke wurin, muka kai wa dattijon har bukka. Ya ɗaga zaren fim ɗin wajen rana, ya daɗe yana duba ƴan ƙananan fuskokinsa.

"Shi ke nan duka, ɗana?"

"Shi ke nan, Baba. Babu saura."

Ya jefa shi a garwashi, ya zuba mana shayi.

Ba tare da wannan wurin ba, malaman suka ce fim ɗin ba shi da gishiri. Abokina bai samu aikin silima ba, ya buɗe shagon hoto kusa da kasuwa. Ni na bi duniya, ina yi wa maɗaba'u zane, Abijan, Dakar, daga baya Turai.

Da fari ya sake dawowa bayan shekaru, ina wani birnin Turai. Na sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da safe, na ɗaga kai, sai ga hoton dattijon. Tsawon bango guda, baki buɗe, da ƙwayar dawar nan a gemu, a ƙasa an rubuta roƙon taimako ga masu yunwa. Jirgi ya zo ya wuce ina tsaye. A tasha ta gaba ma yana nan, da wadda ke bin ta. Mutane suna wucewa da jaridunsu, a wurinsu baki ba tsiraici ba ne. Sai a nan na gane: kwafi muka yanke, asalin yana can inda aka wanke shi.

Da na komo Tawa na tarar dattijon yana gadi a wani gida, kuma kullum da la'asar yana zuwa shagon abokina shan shayi. Na ja abokina gefe na faɗa masa. Ya zauna a kan kujerar masu ɗaukar hoto.

"Na ce mishi babu saura," ya ce.

"Ba mai hwaɗa mishi in ba mu ba."

"To ni za ni hwaɗi."

Da dattijon ya zo, abokina ya durƙusa ya gaya masa komai. Dattijon ya saurara, kofin shayi a hannunsa.

"Mutum nawa sunka gani?"

"Ba su ƙidayuwa, Baba."

Ya ajiye kofin bai kurɓa ba. Ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ya sa takalmansa ya fita. Bai sake zuwa shagon ba.